Sayen Babur da Hawansa a Ƙasar Waje: Jagora ga Matafiyi daga Sakkwato

Matasan 'yan kasuwa da ɗaliban Sakkwato masu zuwa Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso da Ghana sun yawaita tambaya a kan abu ɗaya: idan mutum zai yi wata biyu ko uku a can, shin ya fi masa ya sayi babur ya riƙa biyan bukatunsa da shi, maimakon kuɗin kabu-kabu ya cinye masa jari, kuma idan hakan ya fi, ta ina zai fara? Ana yi, kuma ana cin moriyarsa, sai dai mafi yawan asarar da ake tafkawa a wannan harka daga takardu take fitowa. Baƙon da ke kan babur marar cikakkun takardu yana iya rasa shi a shingen farko, a wasu yankunan ma har a tsare shi kansa. Saboda haka aka jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su, kuma bai dace a tsallake na farko a faɗa kan na biyar ba.

1. Lissafi kafin saye

Ka haɗa kuɗin babur, da na rajista da inshora, da na hular kwano da ƙananan gyare-gyare, da man da za ka sha a tsawon zamanka, sannan ka cire abin da kake kyautata zaton za ka samu idan ka sayar da shi ranar dawowa. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin da babur ɗin zai ci maka. Ka kwatanta shi da abin da za ka kashe a motar haya da kabu-kabu a wannan lokaci. A ganina, wanda zamansa bai kai wata ɗaya ba bai kamata ya saya ba, domin fitar da takardu kaɗai na iya cinye rabin kwanakinsa. Haka kuma tun a wannan mataki za ka yanke shawarar yadda za ka rabu da babur ɗin, domin ita ce za ta nuna maka irin wanda za ka saya.

2. Ka tabbatar an yarda a hau babur a inda za ka

Mu a Sakkwato mun san wannan tun 2021, lokacin da jihohin Arewa maso Yamma suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga. Maƙwabtanmu suna da irin waɗannan dokoki, wasu ma sun fi namu tsanani. A Nijar an hana hawan babur a jihar Difa a 2015, kuma tun farkon 2020 aka sha kafa irin wannan doka a sassa da dama na jihar Tillaberi. A 2022 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da shigowa da sayar da wasu nau'o'in babura, irin su Aloba da Sanili, saboda masu ɗauke da makamai da su suke yawo. A shekarar ce kuma Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a yankinta na arewa mai iyaka da Burkina, sannan arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W da na Pendjari, yana fama da hare-hare.

Gargaɗi: waɗannan dokoki suna sauyawa, ana ɗage su ana maido su, don haka labarin wanda ya je bara ba hujja ba ne. Ka tambayi direbobin tasha da mai masaukinka a makon da za ka tashi, kuma idan ka isa ka sake tambayar ofishin 'yan sanda na garin. Inda aka hana babur, soja ba ya tsayawa ya bambance fatake da ɓarawo daga nesa, kuma babu wata riba da ta kai a yi kasada da rai dominta.

3. Takardun jikinka, tun daga gida

Kafin ka kama hanyar Illela ko Kamba, ka tabbatar kana riƙe da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da ba ta kusa ƙarewa ba, da katin rigakafin shawara, wanda dole a yi allurarsa aƙalla kwana 10 kafin tafiya, da lasisin tuƙi rukunin A, wato na babur. Da yawa daga cikinmu mun iya babur tun muna yara ba mu taɓa neman lasisinsa ba, wasu kuma suna zaton lasisin mota ya wadatar. Bai wadatar ba, kuma ranar da aka yi haɗari shi ne abu na farko da kamfanin inshora zai kafa hujja da shi ya ƙi biya. Ka ƙara da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, domin yana ɗauke da fassarar Faransanci da jandarma zai iya karantawa, amma ka sani ba ya aiki shi kaɗai sai tare da na gida. Ka ɗauki ƙananan hotuna da yawa, ka yi kwafin kowace takarda, ka kuma ajiye hotunansu a wayarka da wayar wani ɗan'uwanka a gida.

Ɗan ECOWAS yana da damar zama kwana 90 a ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, don haka idan can ka nufa, ka tambayi jami'an shige da fice a bakin iyaka sharuɗɗan da ake bi a lokacin, kuma kada ka bar wurin sai an buga maka hatimin shiga. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya ba shi da shaidar ranar da ya shigo, kuma ofishin rajista ba zai saurare shi ba.

4. Kuɗi da yadda ake ƙirga su

Nijar, Benin, Togo da Burkina duk sefa ɗaya suke kashewa, Ghana kuma sidi. Sefar Kamaru da Chadi daban take, kada ɗan canji ya cusa maka ita. Ka tambayi farashi wurin 'yan canji biyu ko uku a Illela ko Ƙonni kafin ka canza, ka raba kuɗin gida biyu a jikinka, kuma bayan kuɗin babur ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa domin takardu da gyaran farko.

Gargaɗi: Hausawan Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan aka ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Duk farashin da aka faɗa maka da baki, ka miƙa wayarka a rubuta maka shi da lambobi kafin ka ce ka saya.

5. Ka nemi wanda zai tsaya maka

Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa ba a shiga kasuwar babura kai tsaye daga tasha. Kusan kowane babban gari a wannan yanki yana da zango da shugaban Hausawa, daga Kwatano da Parakou zuwa Lome, Kumasi da Akra. Ka sa mai masaukinka ya kai ka, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka ce, “Ranka ya daɗe, ni baƙonka ne daga Sakkwato, ina neman babur mai takardu da bakanike mai amana.” Abu biyu kake nema a nan: wanda zai yi maka shaida a takardar ciniki, da bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Idan dillali zai shiga, a yanke la'adarsa tun kafin a ga babur, a kuma san wanda zai biya ta.

6. Wane babur

Ka tsaya a bakin titi ka ga abin da 'yan kabu-kabun garin suka fi hawa, shi za ka saya, domin shi ne kayan gyaransa suke a kowane ƙauye, kuma shi ne zai yi saurin fita daga hannunka ranar sayarwa. A mafi yawan garuruwan nan za ka tarar da Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Apsonic ko Sanya, masu ƙarfin inji daga cc 100 zuwa 150. Mai 100 ko 110 ya isa zirga-zirgar cikin gari, amma wanda zai yi doguwar hanya da kaya ya nemi mai 125 ko 150. Babban babur na ƙawa yana jawo ido, yana shan mai, kuma idan wani abu ya lalace a cikinsa sai an aiko da shi daga babban birni.

Idan kuɗinka sun kai, shawarata ka sayi sabo a shagon dila mai rajista. Za ka fita da rasit mai sunanka da takardar kwastan, wasu shagunan ma su suke bin maka rajista, kuma babu fargabar cewa na sata ne. Na hannu ya fi araha, amma duk binciken da ke ƙasa ya zama wajibi a kanka.

7. Duba babur na hannu

Ka je da safe, ka roƙa kada a tayar da shi kafin ka iso, sannan ka taɓa injin da hannu ka ji ko da sanyi yake, domin injin da ya gaji yana ɓoye aibinsa idan ya ɗauki zafi. Lafiyayyen babur yana tashi a kik ɗaya ko biyu. Ka tsaya a bayansa ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar yana cin baƙin mai ne, wato ringi ko fistin sun tafi, baƙin hayaƙi kuma yawanci matsalar kafireto ce, wadda gyaranta bai kai na farko tsada ba. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza shi a yatsa. Idan ka ji ɓarɓashin ƙarfe, ko ka ga an zuba mai kauri fiye da ƙima domin a danne ƙarar inji, ka haƙura da shi.

Daga nan bakanike ya kafe shi a tsaye, ya girgiza kowace ƙafa hagu da dama ya ji ko tana da wasa, ya duba haƙoran sifiroket ko sun yi tsini, ya ja cen ya ga ko ya saki. A leƙa cikin tanki da fitilar waya a nemi tsatsa. A duba wuyan babur da ƙarƙashin inji a nemi walda, domin walda a shasi alamar babban haɗari ce, kuma irin wannan babur ba ya sake miƙewa. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, kuma tsohuwar taya tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba. A ƙarshe ka hau shi da kanka, ka shiga kowace giya, ka ji ko kuloci yana zamewa, ka gwada birkin gaba da na baya dabam-dabam, ka lura ko kan yana rinjaya gefe ɗaya. Lissafin kilomita da ke kan mita kada ka ba shi muhimmanci, domin cire wayarsa ba wuya.

8. Takardun babur da ƙulla ciniki

Nan ne wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Ka nemi asalin takardar mallaka, wadda ake kira kart giris a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, da rasit na farko, da takardar biyan kuɗin kwastan, wato duwan a bakin mutanen can. Kwafi ba ya wadatarwa. Ka durƙusa da kanka ka karanta lambar shasi da aka buga a wuyan babur, wadda yawanci haruffa da lambobi 17 ce, da lambar inji da ke gefensa na ƙasa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin takarda. Harafi ɗaya idan ya saɓa, takardar ta wani babur ce. Ka shafa wurin da yatsa, idan ka ji alamar an kankare ko an sake bugawa, ko ka ga sabon fenti a wurin kaɗai, ka tashi ka bar cinikin ko da an rage maka rabin kuɗi.

Sunan da ke kan takardar mallaka dole ya zama na wanda ke tsaye a gabanka, ka kuma ga katin shaidarsa. Maganar “na yayana ne, ya yi tafiya” ba ta da amfani sai da rubutacciyar wakilci mai hatimin hukuma. Idan komai ya daidaita, a rubuta takardar sayarwa mai ɗauke da sunayenku, da lambobin katin shaidarku, da lambar shasi da ta inji, da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, sannan ku tafi tare ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a buga mata hatimi. A wurin za ka biya kuɗi, bayan hatimi ya hau, ka karɓi makullai duka da takardu a lokaci ɗaya.

Gargaɗi: kada ka ba da kafin alƙalami a kan babur da ba ka ga takardunsa ba. Haka nan kada ka yarda a yi rajista da sunan wani saboda sauƙi, sai in babu wata hanya, domin a idon hukuma wanda sunansa ke takarda shi ne mai babur, kuma ba za ka iya ƙetare iyaka ko sayar da shi ba sai da izininsa.

9. Rajista da inshora

A Benin hukumar ANaTT ce ke rajistar ababen hawa, a Ghana kuma DVLA, sauran ƙasashen ma kowace da ofishinta na sufuri. Za a nemi fasfonka da shaidar inda kake zaune, wanda a nan ne mai masauki zai yi maka amfani, wani lokaci kuma katin ofishin jakadancin Najeriya yana taimakawa. Ka biya a taga ka karɓi rasit, ka riƙe takardar wucin gadi da za a ba ka har lamba ta fito. Ganin 'yan gari suna yawo da babura marasa lamba kada ya ruɗe ka, su suna da wanda zai zo ya yi belinsu.

Ka yanki inshora, wadda suke kira asurans, a ofishin kamfani, ba a hannun mai jaka a bakin titi ba. Mafi ƙarancinta tana biyan wanda ka buge ne kawai, ba ta biyan jinyarka ko gyaran babur ɗinka, don haka ka ajiye wani abu a gefe saboda asibiti.

10. Kayan da za ka saya a ranar

Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ta kama kanka daidai, da ta biyu idan za ka riƙa goyo. A Benin an tsananta kamen marasa hula tun watan Maris 2024, har da wanda aka goya. Ka ƙara da takalmi rufaffe, safar hannu, tabarau saboda ƙura, da sarƙa da kwaɗo. A ƙarƙashin kujera ko cikin jaka ka ajiye fulogi, tub, kayan faci, ƙaramin famfo, sifana mai lamba 10, 12 da 14, filaya, sukudireba da wayar kuloci. Babbar riga da rawani mai jela ba kayan hawa ba ne, domin cen yana kama su. Idan babur ɗin na hannu ne, ka juye baƙin mai a ranar ko da an rantse maka man sabo ne. Idan babur ɗin sabo ne, ka juye na farko a kilomita 500, ka kuma lallaɓa shi ba tare da matsa masa wuta ba har ya cika 1,000.

11. Hawa a garin da ba ka sani ba

Duk ƙasashen nan hannun dama suke bi kamar mu, amma ɗalibin da ya tafi Uganda, Kenya, Indiya ko Malesiya zai tarar da hannun hagu, kuma a can kuskuren ya fi faruwa a kwana da kuma lokacin fitowa daga gidan mai, inda hannu ke komawa ga abin da ya saba. A ƙasashen renon Faransa, mararrabar da ba ta da alama wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. A Wagadugu da Kwatano manyan tituna suna da layin babura na musamman a gefe, kuma hawa babban titi a inda aka tanadi layin laifi ne da ake kamawa. Ka yi kwanakin farko kana fita bayan sallar asuba kafin cunkoso, kana bin bayan mai masaukinka, har ka gane hanyoyin da ba a shiga ta gaba da gaba.

A doguwar tafiya ka yi lissafin kilomita 40 zuwa 50 a awa, tare da tsayawa. Daga Kwatano zuwa Parakou, alal misali, ya ɗan haura kilomita 400 ta Bohicon da Dassa, wanda a kan ƙaramin babur tafiyar yini biyu ce ga mai son kansa da lafiya. Ka tashi da sassafe, ka huta da azahar, musamman a bazara da zafi ke wuce digiri 40, ka sauka kafin magariba. Tafiyar dare ba ta da wani uzuri, ga manyan motoci marasa fitila, ga dabbobi, ga masu tare hanya. Ka cika tanki duk inda ya kai rabi, a gidan mai idan akwai. Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa yakan zo da ƙasa ko gauraye, idan dole ta sa ka saya ka sa a tace shi da ƙyalle. Da damina kada ka shiga koramar da ba ka ga wani ya ƙetare ta a gabanka ba.

Idan ka hango shinge, ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya inda aka nuna maka, ka kashe inji, ka cire hula da tabarau a ga fuskarka, ka yi gaisuwa, kada ka sa hannu a jaka sai an ce ka fito da takardu. Kada ka ɗauki hoton shinge ko barikin soja. Idan an ci ka tara, ka nemi rasit cikin ladabi. Kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko ka goya wanda ba ka sani ba, domin duk abin da aka samu a kan babur ɗinka naka ne.

Idan haɗari ya faru, a fara da wanda ya ji rauni. A ƙasashen renon Faransa 'yan kwana-kwana ne ke ɗaukar masu rauni, lambarsu 18 a Nijar da Burkina, 118 a Benin da Togo, a Ghana kuma a kira 112. Ka kira mai masaukinka, kada a gusar da babur sai 'yan sanda sun auna wurin, in kuwa taro ya fara zafi ka nufi ofishinsu kai tsaye ka kai rahoto.

12. Ƙetare wata iyakar

Babur mai lambar wata ƙasa yana bukatar takardar izinin shiga ta wucin gadi daga kwastan, wadda ake kira lese-pase, kuma tana da wa'adi. Ka duba ranar ƙarewarta kafin ka bar tagar, ka sabunta ta kafin ta mutu, ka kuma miƙa ta a ranar fita. Akwai katin inshora na ECOWAS da aka sani da Brown Card, wanda aka kafa a 1982 domin ababen hawa masu ƙetare iyakoki. Ka sa kamfanin ya nuna maka a rubuce cewa ƙasar da za ka tana cikin waɗanda katin ya rufe, idan ba ta ciki ka yanki inshorar can a bakin iyaka. Gadar Gaya da Malanville ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, mutane suka koma ƙetarewa ta kwale-kwale. Babur ɗin da aka ƙetarar ta ruwa ba tare da takardar kwastan ba, a matsayin fasa-ƙwauri hukuma za ta ɗauke shi.

13. Sayarwa

Ka sayar da shi a ƙasar da aka yi masa rajista, domin a wata ƙasa mai saye sai ya biya kwastan, kuma daga kuɗinka zai cire. Shigowa da shi Najeriya ma haka ne, sai an biya haraji an sake rajista, alhali irinsa yana nan a shagunan Sakkwato. Ka sa shi a kasuwa mako biyu kafin tafiyarka, domin da zarar dillalai sun ji gobe za ka tashi za su taya shi da rabin kuɗi. Ka wanke shi, ka haɗa rasit na gyare-gyaren da ka yi, ka fara tallata shi ga bakanikenka da mutanen zango. A rubuta takardar sayarwa kamar yadda aka yi lokacin da ka saya, a buga hatimi, ka ƙirga kuɗinka a wurin, kuma kada ka yarda da bashi ko alkawarin turo ciko. Ka riƙe kwafi ɗaya na takardar da kwafin katin shaidar mai saye ka dawo da su gida, domin muddin bai sauya sunan da ke kan takardar mallaka ba, duk laifin da aka aikata da babur ɗin sunanka za a fara nema.